Malam Ina-Zuwa da Fankar Inna

Da za a tara 'ya'yan garin nan kaf, manya da ƙanana, a ce wanda ya fi kowa ziyartar mahaifiyarsa ya ɗaga hannu, babu mai gardama idan Malam Ina-Zuwa ya ɗaga nasa. Akwai ranar da yake leƙa Inna har sau uku. Mai shagon da ke ƙasan benen da take zaune shaida ne, haka ma maƙwabciyar da ƙofarta ke kallon ta Inna. Abin da shaidun ba su cika faɗa ba, saboda kara, shi ne babu wanda ya taɓa ganin ya zauna.

Sunan ma daga nan ya samo asali. Yakan hau bene da makullin mota a hannu, ya gaida Inna a tsaye, kafin ta gama amsawa wayarsa ta yi ƙara, ya ce, "Ina zuwa," ya sauka. Mai shago ne ya fara kiransa da haka a bayan idonsa, daga baya aka daina ɓoyewa.

Malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare, mutum mai tsabta, mai biro biyu a aljihun gaba, wanda ba ya iya ganin abu yana aiki bai yi wa na kusa da shi bayanin yadda yake aiki ba. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, aikinta na karɓa-karɓa, saboda haka jigilar yara bayan an tashi makaranta ta faɗo kansa. Yaran uku ne, kuma kamar sun haɗa baki kada biyu su so abu ɗaya. Babban yana buga ƙwallon ƙafa a wani fili kusa da tasha. Ta tsakiya tana tsere a bayan kasuwa. Auta kuwa iyo ya ce yana so, ya yi ta kuka har aka sa shi. Kociyoyin uku ba su san juna ba, amma sun yi ittifaƙi a kan abu guda: kowa yana farawa jim kaɗan bayan wani ya fara, ya tashi jim kaɗan kafin wani ya tashi. Na ƙwallo yana rufe ƙofa ga wanda ya makara. Na iyo kuma ba ya yarda a bar masa yaro yana jira, in aka yi jinkiri sai ya kira waya da muryar mai shirin kai ƙara.

Tsakanin sauke wannan da ɗauko wancan akan sami ɗan gibi. Bai isa mutum ya koma gida ba, ya kuma yi yawa a ce babu shi. Sauran iyaye sukan zauna a motocinsu a bakin fili, wasu na latsa waya, wasu na gyangyaɗi, wasu na tattauna yadda kocin bai san aikinsa ba. Malam yakan wuce su da tausayi. Shi yana da fahimta a kan lamarin, wadda ya sha bayyanawa a ɗakin malamai har abokan aikinsa suka koyi ƙarasa masa ita.

"Lokaci kamar yadi ne a shagon tela," in ji shi. "Wawa ne ke share guntaye ya zubar."

"Mai hankali ya haɗa su ya yi bargo," in ji malamin tarihi, ba tare da ya ɗaga kai daga takardun da yake dubawa ba.

Gidan Inna kuma yana tsakiyar filayen uku, ɗaki da falo da ɗan kicin a saman bene, inda ta zauna tun mijinta yana da rai. Malam ya ɗauki wannan a matsayin tsari daga Allah. Duk guntun lokacin da ya samu, na Inna ne.

Akwai dalili bayan biyayya. Ƙanwarsa, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta daɗe tana so Inna ta koma wurinta. Tana da ɗakin da ba kowa a ciki, tana kuma da bakin da ba ya gajiya. Duk sanda ta kira shi maganar ɗaya ce: tsohuwa ita kaɗai a saman bene, babu mai kula da ita.

"Babu mai kula da ita?" in ji Malam. "Ni da nake zuwa kullum?"

"Yaya, mai kawo burodi ma kullum yake zuwa."

Malam ba ya son Inna ta tafi. Ba ya faɗa da wannan lafazin, yakan ce tafiyar ba ta da ma'ana ta fuskar tsari. Amma gaskiyar ita ce tun da aka haife shi bai taɓa zama a garin da babu Inna a ciki ba, kuma bai san yadda ake yi ba. Inna dai ta ce wa 'ya'yan nata biyu su ba ta zuwa ƙarshen zafi, za ta yi tunani. Malam ya ƙudurta cewa kafin lokacin zai nuna wa kowa, musamman mai baki, cewa gidan nan yana da namiji mai kula da shi.

Da famfo aka fara.

"Inna, sannu da gida."

"Yawwa, uban 'yan wasa. Zauna."

"Ba zama zan yi ba, Auta na cikin ruwa. Mene ne ke wannan ƙarar a kicin?"

"Famfo ne. Tun mahaifinka yana nan yake ɗiga, mun saba da juna. Zauna, akwai maganar da nake so mu yi."

"Roba ce ta cinye. Bari ki gani."

Ya sauka ya ɗauko sifana a mota. Ya rufe babban makunnin ruwa, ya murɗe shi da ƙarfin mai son aiki ya yi kyau. Ya kwance kan famfon, ya zaro wata baƙar roba da ta lallatse, ya ɗaga ta a gaban Inna kamar likitan da ya ciro abin da ke damun majinyaci. Yana cikin bayanin yadda matsin ruwa ke cin roba sai wayarsa ta yi ƙara. Ya jefa kan famfon a aljihu.

"Ina zuwa."

Ya zo ɗin, washegari. Sai dai shagon da ake sayar da irin robar yana can wani gefen gari, ba ya shiga cikin kowane gibi. Ruwa kuma ba ya buɗuwa, don in an buɗe zai yi tsiri har silin. Maƙwabciya ta fara miƙo wa Inna bokiti safe da yamma.

Tun da babu roba, kuma zama a banza ba halinsa ba ne, sai ya duba abin da zai yi da gibin ranar. Ƙofar banɗaki tana goga ƙasa in an tura ta. Ya cire ta, ya jingine a baranda, ya auna inda za a fere, sannan ya tuna abin ferewar yana gidan wani abokinsa. Inna ta rataya tsohon zani a wurin. Bayan kwana biyu ya lura kujerar da Inna ke nuna masa kullum ya zauna tana rawa. Ya kifar da ita, ya gano ƙafa ɗaya ta tsage, ya cire ƙafar don ya kai wa kafinta a matsayin samfuri.

A nan ya kamata a yi wa Malam adalci. Bai taɓa kwance abin da ba shi da laifi ba. Famfon yana ɗiga, ƙofar tana goga ƙasa, kujerar tana rawa. Binciken da yake yi daidai ne, babu ɗalibin da zai ci gyaransa. Matsalar ta gibin ce: ya isa a kwance abu, bai isa a mayar ba. Kwancewa ba ta buƙatar komai sai sifana da niyya. Mayarwa kuwa kullum tana buƙatar wani ɗan abu da ake sayarwa a inda mutum ba ya bi.

Matarsa ce ta tsinci kan famfon a aljihun wandonsa ranar wanki. Ta kawo masa har falo a tafin hannu.

"Baban yara, wannan kuma na wace mota ne?"

Ya yi mata bayani. Ta saurara da irin fuskar da take sauraron majinyacin da ya daina shan magani don ya ji sauƙi.

"To ka kira mai gyaran famfo mana."

"In kira wani ya gyara wa uwata famfo ina raye? Kin san abin da ƙanwata za ta yi da wannan labarin?"

"Na san abin da za ta yi da labarin bokiti."

"Aikin bai kai ya kawo ba. Lokaci kawai nake nema."

"Ka sauke wa yaron nan iyo na wata ɗaya, ka samu lokacin."

Malam ya ce ba a katse wa yaro horo ana dab da gasa, ya kawo dalilai na kimiyya game da tsoka. Ta ajiye kan famfon a kan talabijin ta koma wankinta.

Inna ma ba ta kira kowa ba. Maƙwabciya ta ce akwai wani ɗan'uwan mijinta da ke irin wannan aikin, Inna ta ce a'a, ɗanta ya fara, shi zai ƙarasa. Ba ta son a ce a unguwa ta haifi malamin kimiyya amma wani ne ya mayar mata da famfo. Haka uwa da ɗa suka haɗu suna tsare mutuncin juna, maƙwabciya tana ɗaukar ruwa.

Sai zafi ya shigo, gasar makarantu ta matso, kociyoyin uku suka ninka atisaye kamar an yi musu wahayi a dare ɗaya. Gibin ya ƙara tsukewa. Malam ya koma cin abincin rana a kan sitiyari. Motar ta cika da warin takalmin ƙwallo da jiƙaƙƙen tawul, but ɗinta kuma da kayan aiki da ƙafar kujera. Yakan iso bakin fili yana huci, ya tarar da sauran iyaye a kishingiɗe, har wani uba mai tumbi ya taɓa ce masa, "Malam, kai ma gasar za ka shiga?"

Ranar da ya taɓa fankar, Inna tana zaune a ƙarƙashinta a kan tabarma, tun da kujera ta tafi jinya. Fankar silin ce tsohuwa, tana juyawa tana ƙyas, ƙyas, ƙyas. Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga kai. Inna ta ga inda idonsa ya tafi.

"Wannan ka bar min ita."

"Inna, wannan ƙarar ba ta lafiya ba ce."

"Ni ma ba lafiya ce ta ishe ni ba, amma ba a kwance ni ba. Ƙarar ce ke sa ni barci. Zo ka zauna nan, tabarma ba ta rawa."

"Dubawa kawai zan yi."

Ya jawo teburi ya hau. Ya kashe fankar, ya cire murfin sama, ya leƙa, ya ce yana zargin kwandansa, wani ɗan abu ne da ke ba injin ƙarfin tashi. Don ya tabbatar sai ya zare wayoyi. Don ya gani da kyau sai ya zare ƙarfen da ke riƙe da ita. Fankar ta sauko hannunsa gaba ɗaya, da nauyin da bai yi tsammani ba. Inna ta dubi ƙafafunsa a kan teburi, ta ga yau dai ba zai iya gudu nan take ba, ta fara magana.

"Ƙanwarka ta sake kira. Ta ce ƙarshen wata za ta zo. Ni dai abin da nake so in gaya maka..."

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya rungume fankar da hannu ɗaya ya amsa da ɗayan. Kocin iyo ne. Ya ce an tashi tuntuni, yaro yana tsaye a naɗe da tawul, shi kuma ba renon yara aka ɗauke shi yi ba.

Mayar da fanka aikin mutum biyu ne da natsuwa. Malam ya dubi ramin da ke silin, ya dubi wayar, ya sauko.

"Gara ma in tafi da ita a gwada kwandansan. Ina zuwa."

Ya sauka bene da fanka a ka, fukafukanta suna bugun bango. Mai shago ya leƙo.

"Malam, yau kuma Inna gwanjo take yi?"

Makonnin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Bai daina zuwa ba, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai ce ba. Yakan hau bene yana zufa, ya tarar da Inna tana fifita da kwali, ya gaishe ta, ya ba ta rahoto: an samu robar amma ta yi girma, kafinta ya yi tafiya, an ce kwandansan zai zo. Inna takan ce, "To." Ta daina cewa ya zauna, shi kuma ya ɗauki hakan a matsayin ta fahimci yanayin aikinsa. A mota yakan yi ta faɗa shi kaɗai, da cunkoson motoci, da kociyoyi, da masu shagunan da ba sa buɗe reshe a kan hanyarsa. Yaran sun koyi yin shiru a baya. Sau ɗaya ta tsakiya ta ce, "Baba, me ke ƙara a but?" Ya ce ta mai da hankali kan numfashinta.

Aka yi gasa. Ƙungiyar babban ta fita tun wasan farko. Ta tsakiya ta zo ta huɗu a tseren da ake ba mutum uku kyauta. Auta bai shiga ruwa ba, ciwon kunne ya kama shi tun da safe. Kociyoyin uku suka ba da hutu.

Washegari, karon farko tun farkon shekara, Malam ya tashi daga makaranta babu inda zai kai kowa. Ya zaga gari a tsanake. Ya sayi robar da ta dace, ya karɓo sabuwar ƙafar kujera, ya ari abin fere ƙofa, ya sayi kwandansa har biyu don kada a samu matsala. Ya nufi gidan Inna da zuciyar mutumin da zai rufe bakin duniya a yammaci ɗaya.

A ƙofar gidan ya tarar da motar ɗaukar kaya. An ɗora katifa, an ɗora akwatin ƙarfen Inna, teburin da ya taka yana sama ƙafafu a sama. Ƙanwarsa tana tsaye a matakala tana nuna wa masu ɗauka abin da za su yi.

"Yaya, sannu da zuwa. Yi hankali da kwalin nan, kofuna ne."

"Mene ne wannan? Ba ƙarshen zafi aka ce ba?"

"Jiya na iso. Na ce a ba ni ruwa in wanke hannu, aka aika maƙwabta. Na nufi banɗaki, na tarar da zani yana gadi. Na nemi wurin zama, kujera tana kwance kamar an yanka ta. Na ɗaga kai in yi salati, na ga rami."

"Duk kayan suna mota. Yau zan mayar da komai."

"Na sani, Inna ta ce komai na gidan nan yana mota. Shi ya sa na ce ita ma ta shiga."

Ya wuce ta ya hau sama. Falon ya zama fili, sai kujerar mai ƙafa uku da aka bari a jingine da bango. Inna tana tsaye a bakin taga da mayafinta da jakar hannu.

"Inna, ke kika ce za ki tafi?"

"Ni ban ce ba. Ban dai ce a'a ba."

"To me ya sa?"

Ta leƙa matakala ta tabbatar 'yarta tana ƙasa, sannan ta rage murya.

"Maganar da nake ta cewa ka zauna mu yi ke nan. Ba na son tafiyar nan. Gidanta shiru kamar asibiti, ban san kowa a garin ba. Nan ko ba komai na san da wanda zan yi faɗa. Amma ba zan iya duban 'yata in ce ba na son gidanta ba. So na yi kai ka ce mata a'a da bakinka, kai ne babba, ni kuma in ce to, yayanki ya hana."

"Ai sai in sauka in gaya mata yanzu."

"Da wane bakin? Ta ga ramin." Ta gyara mayafi. "Kuma ni ma zafin ya ci ƙarfina, kada in yi maka ƙarya. Maƙwabciyar nan bayanta ya fara ciwo, ta fara aiko 'yarta, 'yar ta fara tura baki. Garin neman gira kada mu rasa ido."

"Da kin faɗa min ko a tsaye ne."

"Na fara, kana kan teburi. Irin wannan magana ba a gaya wa mutum ita yana riƙe da makullin mota."

Malam ya dubi hannunsa. Makullin yana nan. Ya sa shi a aljihu, ya jawo kujerar mai ƙafa uku, ya tokare ta da bango ya zauna a gefen da ke da ƙafa. Inna ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ka ga ikon Allah. Yau ka zauna, ni kuma ina tsaye."

Daga ƙasa direba ya danna ham, ƙanwar ta ɗaga murya tana kiran Inna kada dare ya yi musu a hanya. Inna ta dafa kansa, ta ce ya gaida mata 'yan wasanta, ya ce wa Auta ya daina barin ruwa yana shiga masa kunne. Ta sauka a hankali, tana riƙe da ƙarfen matakala. Ya bi ta da jakar.

Da hutu ya ƙare kociyoyin suka dawo da jadawalinsu yadda yake. Gibin yana nan, bai ƙaru ba bai ragu ba, sai dai yanzu babu benen da za a hau. Malam ya koma ajiye mota a bakin fili, kusa da uban nan mai tumbi, wanda ya karɓe shi ba tare da ya tambayi dalili ba. Yakan kira Inna a waya. Takan ce lafiya lau, akwai ruwa, akwai sanyi, babu dai wanda za a yi faɗa da shi. A ɗakin malamai ya daina maganar tela, malamin tarihi kuma bai tuna masa ba.

Wata rana da yamma, babban yana fili, saura a ɗauko ta tsakiya, ya buɗe but zai ɗauki tsumma, ya ga fankar a kwance a kan kwandansa biyu da ba a buɗe ba. Don kada gibin ya tafi a banza ya ɗaga ta, ya kaɗa fukafukan da hannu. Ɗaya ya yi ƙyas. Ya sa yatsa ya taɓa gindinsa.

Noti ɗaya ne ya saki. Ana iya ɗaure shi fankar tana rataye.